Daƙiƙa Ashirin da Uku

Da yatsa shida aka haife ni a hannun dama,
sai aka ce Cindo.
Sarkawan unguwarmu suka ce ba ƙari ba ne,
filafili ne Allah ya manna mini.
Kafin in iya ƙirga kuɗi
na iya tsallaka Kwara zuwa gungun da baba ke shanya taru,
in dawo tuwo bai huce ba.

Wani mutum ya zo Yelwa da usur a wuya,
ya tsaya bakin tasha, takalminsa cikin laka,
ya danna agogo, ya duba, ya sake dannawa.
"Yaro, ka taɓa ganin ruwa mai kusurwa huɗu?"

Na gan shi a Kaduna.
Shuɗi ne, ba kifi, ba kainuwa, ba inda ya nufa,
yana warin asibiti.
An ja baƙin layi a gindinsa
kamar ɗan Yauri zai ɓata a ruwa.
Mita hamsin. Numfashi ɗaya, wata rana ko ɗayan babu.
Usur, tsalle, kumfa, bango.
Daƙiƙa ashirin da uku,
ko alwala ba a gamawa a cikinsu,
amma a cikinsu na zauna shekara bakwai.

Legas ta tafa mini. Fatakwal ta tafa.
An kira sunana a rediyo, inna ta yi guɗa
har miyarta ta ƙone.
An yi mini alkawarin fili.
Takardar tana nan, gara ta cinye sa hannun.

Sai kafaɗa ta fara magana da dare.
Sai wani yaro mai dogon hannu
ya riga ni taɓa bango da faɗin farce.
Na fito, ba wanda ya miƙo tawul.
A motar dare na dawo, tsakanin buhunan gishiri.

Yanzu jirgin inji nake ja,
albasa daga gungu, mutane zuwa kasuwa.
Lambobin suna cikin gwangwanin madara tare da kusoshi.
Maƙeri ya kankare ɗaya, ya ce,
"Dalma ce aka yi wa wanka."
Na ɗaura ta a gindin taru. Tana nutsewa da kyau.

Daren da jirgin Arzika ya kife da 'yan kasuwa,
ba usur, ba layi, ba fitila,
ruwa ya cika har ya manta bakinsa.
Na fid da huɗu.
Ta biyar, zanenta kawai na kama.
Faɗin farce, kuma.
Wannan karon ban san agogon da zan zarga ba.

An ce iya ruwa fid da kai.
Ni dai na fid da kaina sau dubu, an ba ni dalma.

Shi ya sa ranar Alhamis da hantsi,
kafin injuna su dagula ruwa,
nake jera yara a gaɓa, kowa da jarkarsa.
Ba na koya musu sauri.
Kwanta. Saki wuya. Kar ka yi kokawa da abin da ya fi ka.
Ka dubi sama, ka ƙirga, wani na zuwa.

Jiya Tumba, autata, ta ce mu yi tsere
daga turken jirgi zuwa waccan ƙirya da ta nutse.
Na ba ta rata, na bi.
Kafaɗa ta ce a'a tun a rabi.
Na tsaya ina tattaka ruwa, ina kallon ƙafafunta
suna farfasa hasken safiya,
bakina yana ƙirge shi kaɗai, bai tambaye ni ba:
ashirin da ɗaya,
ashirin da biyu.